Tarihin kalmar « tizzy »: tsakanin sisi da kiɗimewa

A Ingilishin yau da kullum, « tizzy » na nufin halin wanda ya kiɗime, jikinsa na rawa kan ƙaramin abu. Da wannan ma'ana ta ɓulla a rubuce a Amurka wajen 1935. Amma tun farkon ƙarni na 19 ƴan Ingila ke kiran sisi, wato kwabo shida, « tizzy ». Ana danganta wannan da « tester », jikar « teston », kuɗin azurfar Faransa mai kan sarki. Wasu na cewa kalma guda ce. Mu kuwa, muddin ba a kawo rubutun da ya nuna yadda sunan kuɗi ya koma kiɗimewa ba, kalmomi biyu muke lissafawa, masu lafazi guda. Kama da wane ba ta wane.