Tubali da Kududdufi a Tarihin Birnin Kano

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara gina ganuwar birni, sa'an nan Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, ya kuma gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Dukkan wannan aiki da tubali aka yi shi, watau ƙasar da ake kwaɓawa da ciyawa, a cura da hannu, a shanya a rana. Da yake ba a gasa tubali, bai ci itacen daji ba kamar yadda jan bulo ke ci. Ɓarnarsa tana wajen haƙar ƙasa, domin duk inda bango ya tashi, akwai ramin da aka bari kusa da shi. Wannan rami, in ruwan damina ya cika shi, shi ne kududdufi.

Illar kududdufi ba sabuwa ba ce. Lokacin da Baturen Birtaniya Clapperton ya zo Kano a 1824, ya danganta rashin lafiyar birnin da fadamar Jakara da kuma ruwan da ke kwance a ramukan da magina suka haƙa. A yau an san dalili: irin wannan ruwa shi ne matattarar sauro da tsargiya, ban da yaran da ke nutsewa a ciki.

Amma kududdufi ya yi wa birni aiki. Shi ke karɓar ruwan da ke gangarowa daga indararo da lunguna, daga cikinsa kuma ake ɗiban ruwan kwaɓa da na yaɓe. Bugu da ƙari, in bango ya faɗi, akan jiƙa ƙasarsa a sake curawa, don haka ba kullum ake sabon rami ba.

Da bulon siminti ya yawaita, jama'a kuma ta ƙaru a ƙarshen ƙarni na 20, sai aka riƙa cike kududdufai da shara ana gini a kai, galibi ba tare da isassun magudanai ba. Ruwan da ya rasa makwanci sai ya shiga gidaje.

Saboda haka, rage ɓarnar haƙar ƙasa yana farawa ne tun kafin a sari ƙasa: a san inda za a haƙa, da abin da ramin zai zama bayan magina sun tashi. Haka kuma, kafin a cike tsohon kududdufi, wajibi ne a fara yi wa ruwansa hanya.