Biram da gurumi: kada mu makara



Kun san biram? Kayan kiɗan Buduma ne, masuntan tafkin Cadi. Icce ake sassaƙawa kamar kwalekwale, a rufe shi da fata, a ɗaura masa tsirkiya 5. A da ya kusa ɓacewa, don a lokacin tsoho Bukar Tar kaɗai ya rage gwaninsa. A 2002, da tallafin UNESCO, Malam Maman Barka, makaɗin gurumi, ya je ya zauna wurinsa ya koya. Kafin rasuwarsa a 2018, ya kai biram har Turai.

To mu fa? Dattawanmu da suka iya zaɓen ƙwarya da ɗaure fatar gurumi suna ta ƙarewa. Mu tura yara wurinsu tun suna raye.