Yadda Fetur Ya Ture Batir

Dariya nake yi in na ji ana zancen motar lantarki kamar jiya aka haife ta. Motar da ta fara zarce gudun kilomita 100 cikin awa, a kusa da Paris a 1899, batir ne ya ja ta. Direbanta Camille Jenatzy, ɗan Beljiyam. A lokacin har tasi masu batir na yawo a Landan.

Motar fetur ta wancan zamani kuwa fitina ce. Kafin ta tashi sai ka sunkuya a gabanta, ka zura lanƙwasasshen ƙarfe, ka yi ta juyawa. In injin ya yi gardama, ƙarfen ya dawo baya ya karya maka hannu. Shi ya sa matan masu hali a Amurka suka fi son ta lantarki. Clara ma, matar Henry Ford, Detroit Electric take hawa.

Mijin nata ya fito da Model T, motar fetur mai araha, a 1908. A 1912 Cadillac ta sa na'urar Charles Kettering mai tada inji da lantarki, aka huta da ƙarfen. Ga fetur ɗin Texas ya wadata, ga ƙauyuka babu wutar caji. Zuwa shekarun 1930 motar batir ta kusa ɓacewa daga tituna.