Kifin Maldives da Ya Daɗe Yana Amsa Sunan Wani

A shekarar 1983, masana biyu, John Randall da Alan Emery, suka raɗa wa wani ɗan kifi suna Cirrhilabrus rubrisquamis. Guda ɗaya tak suka samu, shi ma bai gama girma ba, daga tsibiran Chagos da ke Tekun Indiya. A kansa aka dogara wajen bayyana jinsin baki ɗaya.

Nan gizo ya yi saƙa. Kifayen wannan dangi kan sauya launi yayin da suke girma, har wata macen takan rikiɗe ta koma namiji. Saboda haka, da aka kamo wani kyakkyawan kifi mai kai ja da jiki ruwan hoda a Maldives cikin shekarun 1990, sai aka ce ai baligin na Chagos ne, duk da tazarar kusan kilomita 1,000 da ke tsakani. Da wannan sunan aro 'yan kasuwa suka yi ta sayar da shi ga masu kiwon kifin ado.

Gano gaskiya ya yi wuya domin kifin yana zaune ne a duwatsun murjani masu zurfin mita 40 zuwa 70, inda hasken rana ke dusashewa, kuma sai masu nutso da na'urar numfashi ta musamman ke iya daɗewa a can.

Yi-Kai Tea na Jami'ar Sidni, da Luiz Rocha na Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya, da Joseph Rowlett, da Ahmed Najeeb na cibiyar binciken teku ta Maldives, su suka sake duba lamarin. Suka ƙirga ɓawon jikinsa layi-layi, suka auna tsawon kowace ƙaya ta bayansa, suka kwatanta launin mazan da hotunan bidiyon da aka ɗauko a Chagos. Ashe jinsi biyu ne daban.

A watan Maris na 2022 mujallar ZooKeys ta wallafa sakamakon. Aka sa wa na Maldives suna Cirrhilabrus finifenmaa, daga sunan furen ƙasar da harshen Dhivehi. Najeeb ya zama ɗan Maldives na farko da ya sa hannu a bayyana sabon jinsin kifi, bayan shekaru aru-aru baƙi na yin wannan aiki a ruwan ƙasarsa.

Gyaran ya wuce batun suna. Kifin da aka zaci ya bazu ko'ina ya zama biyu, kowanne da ɗan yankinsa, don haka kare su ya ƙara zama wajibi a kan hukumomin da ke kula da kamun kifi.