Marsiyyar Nana Asma'u da Matan da Ba a Rubuta Sunansu

A gidajenmu na Gwaram da Birnin Kudu, in aka yi rasuwa mace ta ɗaga murya, nan take wata dattijuwa za ta dafa kafaɗarta: "Yi haƙuri 'yar nan, addu'a yake bukata." Gaskiya ta faɗa. Amma ina kallon mai takaba a kan tabarma, ana rabon gumbar sadakar uku, ita tana jan carbi baki a rufe, wata huɗu da kwana goma na jiranta, sai in ce: abin da ke cinta a ciki fa, ina za ta kai shi?

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, takarda ta kai nata. Ta ga rasuwar Shehu a 1817, sai baffanta Abdullahin Gwandu, sai yayanta Muhammadu Bello a Wurno cikin 1837, sai mijinta Waziri Giɗaɗo, sai aminiyarta A'isha. Daga Abdullahi har A'isha, kowa ta yi masa marsiyya. Tana da abin yi da shi: Alƙur'ani a ka, Larabci da Fulatanci da Hausa a baki, ga turbar da Hansa'u ta share tun a ƙasar Larabawa da kukan ɗan'uwanta Sakhar.

Ni dai ba na manyan ne suka kama ni ba. Ta Zaharatu ce. Mace ce mai karɓar haihuwa, mai wankan gawar mata, mai koyar da na ƙasa da ita. Kowace unguwa tana da irinta, wadda ake buga wa ƙofa da tsakar dare ta fito da fitila ba ta tambayi lada ba, in ta mutu kuma a yi bakwai a watse. Asma'u ta zauna ta jera ayyukanta cikin baiti, yadda ta jera na Sarkin Musulmi Bello. Haka ta yi wa maƙwabciyarta Halima, da Hauwa'u, jajin 'yan taru mai jagorantar matan ƙauye zuwa karatu. Ba ta ɓoye zafin rashin ba, amma halin mamaciyar ta fi tsayawa a kai, don mai saurare ta ɗauka.

Takardunta sun tsira a gidan Waziri Junaidu a Sakkwato. Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su, aka buga a Amurka a 1997. Yawancin marsiyyoyin da Fulatanci suke, harshen da har gobe ake ji a rugagen Gwaram, kuma ban taɓa jin an rera ko ɗaya a Islamiyyarmu ba.