Kaurin waya: yadda ake zaɓen wadda ta dace da batir da ƙananan na'urori

Ƙarancin wutar lantarki ya sa matasa da dama a Arewacin Najeriya da Nijar sun koyi haɗa wa kansu sola: faifai ɗaya, batir mai bolt 12, 'yan fitilu da fanka. Hankali yakan tafi ga girman batir, waya kuwa a ɗauki duk wadda ta zo hannu, bisa zaton cewa wutar da ba ta jan mutum ba ta da haɗari. Wannan zato yana iya jawo gobara.

Idan bolt ya yi ƙasa, dole yawan wutar da ke bi ta waya, wato ampiya, ya ƙaru kafin a samu aiki iri ɗaya. Na'ura mai cin wat 120 tana jan kimanin rabin ampiya a wutar gida mai bolt 230, amma a batir mai bolt 12 ampiya 10 za ta ja, kusan ninki ashirin ke nan. Kuma duk lokacin da ampiya ta ninka sau biyu, zafin da waya ke yi yakan ninka sau huɗu.

Ma'auni biyu ake cin karo da su. A kasuwannin Najeriya ana kiran waya da murabba'in milimita: 1.5, 2.5, 4, 6. Kayan da aka yi bisa tsarin Amurka kuwa suna ɗauke da lambar AWG, ma'aunin da ya samo asali a 1857, wanda lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. AWG 22 ba ta wuce 0.33 ba, ta isa haɗa ƙananan da'irori irin na Arduino. AWG 14 ta ɗan haura 2, AWG 10 ta ɗan haura 5.

Nisa shi ne abin da aka fi mantawa, alhali wuta zuwa take yi ta dawo. Idan na'urar nan mai jan ampiya 10 tana mita 5 daga batir, tsawon wayar mita 10 ne. Wayar jan ƙarfe mai 1.5 za ta cinye kusan bolt 1.2 a hanya, wato kashi 10 cikin 100, sai fitila ta dushe, fanka ta yi sanyi, a ɗora wa batir laifin da ba nasa ba. Mai 6 kuwa asararta ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, iyakar da masu aikin suka fi bi.

Duk wannan lissafi na jan ƙarfe zalla ne. Akwai wayar alminiyum da ake lulluɓewa da jan ƙarfe, ga ta da araha, ga kyan gani, amma alminiyum kimanin kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. Sa ido kan irin waɗannan kaya aikin hukumar kula da ingancin kayayyaki ne, wato SON. Kafin hukuma ta iso, mai saye na iya kankare silin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana a ciki, alminiyum ce.

Sai fiyus. Wayar yake karewa, don haka ana zaɓensa daidai da abin da za ta iya jurewa, a kuma ɗaura shi dab da kan batir, domin batir na iya sakin ɗaruruwan ampiya da zarar wayoyi biyu suka taɓa juna.