Akwatin Rediyo Da Yaƙin Tekun Fasha: Abin Da Muka Saurara A Kirikasamma

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so mu ɗan waiwayi tarihin wata tsohuwar gardama, watau zargin da ake yi wa gidajen rediyon ƙasashen waje cewa suna son kai wajen ba da labarin yaƙi.

Ina yaro a Kirikasamma, cikin hunturun 1991, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Kano, domin sai a watan Agusta na wannan shekara aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Iraƙi ta mamaye Kuwait ran 2 ga Agusta, 1990, Amurka da ƙawayenta kuma suka fara ruwan bama-bamai ran 17 ga Janairu, 1991. Kullum bayan sallar isha, masunta da manoman fadama sukan taru a zauren kawuna, a kewaye akwatin rediyo. In an gama labarai daga wata tasha, sai wani dattijo ya ce, "Malam, murɗa mu ji ta bakin wancan." Kawu ya murɗa. Da yawansu sun yi imani cewa tashoshin Turai suna ɓoye asarar da ake yi wa Iraƙi.

To, wannan zato ba a ranar aka haife shi ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939, Turawan mulki sun yi amfani da ita wajen kashe jita-jita da farfagandar Jamus. Sashen Hausa na BBC ya soma aiki a 1957, na Muryar Amurka a 1979, ga kuma Mosko da Bejin, kowace gwamnati tana neman kunnen Bahaushe lokacin Yaƙin Cacar Baka. A Yaƙin Basasarmu na 1967 zuwa 1970, mutanen tarayya sun zargi kafofin waje da goyon Biyafara, alhali Frederick Forsyth, wakilin BBC da ya bar aiki a 1968, ya zargi gidan da bin ra'ayin gwamnatin Ingila mai goyon Legas. Kun ga gida ɗaya, zargi biyu masu karo da juna.

Shin dattawanmu sun yi gaskiya? Wani ɓangare, i. A Oktoban 1990 wata yarinya, Nayirah, ta shaida a Amurka cewa sojan Iraƙi sun fitar da jarirai daga kwalaben reno a asibitin Kuwait. Kafofi suka yaɗa. Sai a 1992 aka gano 'yar jakadan Kuwait ce, kuma kamfanin Hill & Knowlton ne ya shirya shaidar. Amma fa a ɗaya gefen, rediyon Bagadaza ya yi ta shelar nasara har ranar da aka fatattaki sojansa daga Kuwait a ƙarshen Fabrairu. Waɗanda suka gaskata shi a zauren kawu sun kwana da baƙin ciki.

Abin da na koya shi ne, son kai yana wurin mai faɗi, yana kuma wurin mai ji, domin mutum ya fi gaskata abin da zuciyarsa ke so. Kawuna bai yi boko ba, amma hannunsa ba ya barin maɓallin murɗa tasha, kuma ba ya yanke hukunci sai ya ji baki biyu ko uku. Mu ɗaliban tarihi, abin da ake koya mana ke nan a aji da sunan tantance majiya. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.